RAN MA'AIKACI AMANA NE: NASIHA A KAN CUTA DA MAGANI A GARIN ARLIT

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ajiye arziki a cikinta, ya jarrabi bayinsa da cuta kuma ya sanya mata magani. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ina yi mini wasiyya da ku da tsoron Allah a ɓoye da bayyane. Nasiharmu ta wannan karo ta shafi garin Arlit, da lafiyar mutanen da suka yi aiki ko suke aiki a ramukan haƙar uraniyom da ke kewaye da shi. Mai yiwuwa wani ya ce, mu da muke Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, ina ruwanmu da garin da ke can cikin hamada? To, ya dubi sahun da yake salla a ciki. Da wuya a rasa wanda mahaifinsa ko yayansa ko maƙwabcinsa bai taɓa hawa motar Arlit ba. Da albashin can aka gina wasu gidajen unguwarmu, aka aurar da ƴaƴa, aka sauke farali. Wasu kuwa sun dawo mana da tari da ƙarancin numfashi, suna kwance a zaure, mu kuma iyakarmu mu ce musu sannu, Allah ya sawwaƙe, mu wuce. Saboda haka maganar Arlit maganar gidanmu ce.

YADDA GARIN YA KASANCE

Arlit yana arewacin Agadas da tazarar kimanin kilomita 240. Ma'adinin uraniyom ne ya kafa shi. An kafa kamfanin Somaïr a shekarar 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971 daga buɗaɗɗun ramuka. Daga baya aka kafa kamfanin Cominak a 1974, ya fara aiki a 1978 a ramin Akuta, wanda ke ƙarƙashin ƙasa da zurfin kimanin mita 250, aka kuma gina garin Akokan domin ma'aikatansa. Kowane kamfani ya gina gidan likita nasa, ɗaya a Arlit ɗaya a Akokan, kuma shekaru masu yawa waɗannan gidajen likita biyu su ne madogarar mutanen yankin, ma'aikata da waɗanda ba ma'aikata ba. Wannan alheri ne da ba za mu musanta ba, domin Musulmi ba ya tauye wa kowa abin da ya aikata na kirki.

Amma kuma akwai abin da ya dami mutane tun da jimawa. Likitan da kamfani ke biya shi ne kuma ake jira ya faɗi ko aikin kamfanin ne ya jawo cutar ma'aikaci. Ƙungiyoyin farar hula, cikinsu har da Aghir In'Man ta garin Arlit, sun daɗe suna kokawa cewa ba a cika amincewa cuta daga aiki ta fito ba, kamfanonin kuma suna musanta wannan zargi. A ƙarshen 2003 masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun je garin sun yi awo. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta sake yin nata, ta kuma bayyana cewa a cikin samfurin ruwa 5 da ta ɗauka, 4 suna ɗauke da uraniyom fiye da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. Ta sami wani wuri a titin Akokan inda tururin ma'adinin ya ninka na al'ada kusan sau 500, ta kuma sami gurɓatattun ƙarafa ana sayarwa a kasuwa. A 2011 aka kafa wata cibiya ta sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikatan jihar Agadas.

Ranar 31 ga Maris na 2021 Cominak ya rufe bayan fiye da shekara 40 yana aiki. Ma'aikatansa kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ma'aikatan ƴan kwangila. Ya bar tarin dusar ma'adini mai kimanin tan miliyan 20 a kusa da gari, wanda aka yi alkawarin rufe shi da yumɓu da dutse. A watan Yuni na 2025 kuma gwamnati ta ba da sanarwar mayar da Somaïr hannun ƙasa. Ku lura da wannan, ya ƴan'uwa: kamfani yana rufewa, masu shi suna sauyawa, amma abin da ya shiga ƙirjin mutum yana nan tare da shi duk inda ya koma.

CUTAR DA BA TA GAGGAWA

Ya kamata mu san irin cutar da muke magana a kai, domin jahilcinta ne ke sa a makara. Abu na farko shi ne ƙurar dutse. Idan ana fasa dutse ko ana niƙa shi, wata ƙura mai laushi ƙwarai tana tashi, ta shige can cikin huhu ta zauna. A hankali huhun ya taurare, numfashi ya gajarta, har mutum ya kasa hawa ƴar matakala sai ya tsaya ya huta. Huhun da ya taurare haka ba ya komawa daidai, iyakar abin da likita zai yi shi ne ya sassauta wahalar ya kuma hana ta ƙaruwa. Mai irin wannan huhu kuma ya fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka.

Abu na biyu wata iska ce mai suna radon, wadda ke fita daga dutsen uraniyom. Ba ta da launi, ba ta da wari, ta fi taruwa a rami da ɗakin da iska ba ta ratsawa. Likitoci sun tabbatar tana jawo ciwon dajin huhu, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai shan taba. Abu na ukku shi ne ruwan sha da ƙarafa da duwatsun da suka fito daga wurin aiki, waɗanda wasu ke yin ƙofa ko rufin ɗaki ko daɓe da su ba su san abin da suke ɗauke da shi ba.

Abin da ya haɗa waɗannan cututtuka shi ne jinkiri. Mutum zai iya barin aiki lafiya lau, sai bayan shekara 10 ko 20 ciwo ya bayyana, alhali yana ƙauyensu a kudu, inda majon gidan likita bai san ya taɓa shiga rami ba. Nan ne ake fara cewa sammu ne, ko iskokin hamada ne suka biyo shi, ko wani ɗan'uwa ne ya yi masa hassada saboda ya dawo da kuɗi. Sai a ɓata watanni ana yawo tsakanin boka da mai duba, a ɓata dukiya, a ɓata zumunci, a ɓata aƙida, ciwo kuma yana ta cin jiki.

Ga kuma nisan magani. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin likitocin Arlit sai a tura shi Agadas, wanda ya fi ƙarfin Agadas sai Yamai, tafiyar kusan kilomita 1200 daga Arlit. Sai a shekarar 2021 ƙasarmu ta sami na'urar gashin ciwon daji ta farko, a cibiyar yaƙi da ciwon daji da ke Yamai, wato shekara 50 bayan fara fitar da uraniyom. Ku auna kuɗin mota da na masauki da na magani a kan mutumin da albashinsa ya yanke, za ku gane dalilin da ya sa mutane da yawa ke komawa gida su kwanta suna jiran ajali.

ƘADDARA BA TA SAUKE NAUYI

Ya ku bayin Allah, mun yi imani babu abin da ke samun bawa sai da hukuncin Ubangijinsa, kuma ciwo kaffara ne ga mumini mai haƙuri. Amma malamai sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin kare abubuwa biyar, addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. A cikin Suratul Baƙara Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannuwanmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbansa da neman magani, shi ma ya yi magani. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham, da ya sami labarin annoba ta ɓarke can sai ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Babu wanda ya fi waɗannan bayi tawakkali a cikinmu. Saboda haka wanda ya ƙi zuwa likita yana cewa ya dogara ga Allah, ya saɓa wa hanyar waɗanda suka koya mana dogaro ga Allah. Wanda kuma ya cutar da wani sannan ya ce ai haka Allah ya rubuta, ya haɗa zalunci da ƙarya ga Ubangijinsa.

Nauyin wannan al'amari ya rabu kashi huɗu, kowa da nasa.

NA FARKO: NAUYIN MA'AIKACI

Ya kai ɗan'uwana mai aiki a rami ko a wurin niƙa, jikinka aro ne, za a tambaye ka a kansa. Abin rufe hanci da baki da aka ba ka, ka sa shi ko da zafi ya dame ka, kuma ka sani rawani ba ya tare ƙura mai laushi. Kada ka shiga gida da tufafin aiki, kada matarka ta wanke su tare da na yara. Ka bar taba, domin ita da iskar rami idan suka haɗu sun fi kowace ɗaya ɓarna. Ranar awon lafiya kada ka ɓoye abin da kake ji don tsoron a sallame ka, domin ƴaƴanka sun fi bukatar ranka a kan albashin wata guda.

Kai kuma da ka ajiye aiki ka dawo gida, ka adana takardunka: takardar ɗaukar aiki, takardun albashi, lambarka ta asusun ma'aikata na ƙasa wato CNSS, da duk sakamakon awo da hoton ƙirji. Kada ka raina wannan shawara. A 2012 wata kotu a Faransa ta ɗora wa kamfanin Areva alhakin mutuwar wani Bafaranshe da ya yi aiki a ramin Akuta ya rasu da ciwon dajin huhu, amma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Idan iyalin da ke da lauya da takardu a ƙasarsu sun sha wannan wuya, yaya wanda ya zo hannu rabbana? Allah ya umarce mu da rubuta bashi a aya mafi tsawo a Alƙur'ani, domin rubutu yana tsare haƙƙi. Kuma duk likitan da ka je wurinsa, ka fara gaya masa aikin da ka yi da yawan shekarun da ka yi a ciki. Idan tari ya wuce mako biyu, ko kana zufar dare, ko kana ramewa, ko ka ga jini a majina, ka tafi a auna ka. Tarin fuka yana warkewa, maganinsa kyauta ne a gidajen likita na gwamnati, sai dai ana shan sa wata 6 ba yankewa. Wanda ya ji sauƙi ya daina a tsakiya yana iya jawo wa kansa da iyalinsa tarin da ba ya jin magani. Idan azumi ya riske ka kana cikin shan magani, ka tambayi likita, in ya ce azumin zai cutar da kai, Allah ya yi wa majinyaci rangwame ya sha ya rama.

NA BIYU: NAUYIN MAI ƊAUKAR AIKI DA MAI SAYARWA

Ya inganta cewa Manzon Allah ya yi umarni kada a ɗora wa wanda ke ƙarƙashin hannunka aikin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora masa a taimake shi. Ya kuma ba da labari cewa Allah da kansa zai yi husuma ranar ƙiyama da wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya gama masa, ya hana shi ladansa. To, lada bai tsaya ga kuɗin ƙarshen wata ba. Wanda ya san aikinsa yana cin huhu, wajibi ne ya gaya wa ma'aikaci gaskiya, ya ba shi kariya, ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa idan ciwon ya bayyana, ko da bayan rabuwa ne. Wannan hukunci bai bambanta tsakanin babban kamfani da ƙaramin ɗan kwangila ba. Da yawa daga ƴan kwangilar nan Musulmi ne ƴan ƙasa, muna salla tare da su. Ya alhaji, yaran da ka kwaso daga ƙauye suna yi maka aiki ba takarda ba awo, ka shirya amsar da za ka bayar a kansu.

Haka mai sayar da tsofaffin ƙarafa. Manzon Allah ya taɓa sa hannu a cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake, ya tsawata masa ya kira abin ha'inci. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa. Ƙarfen da ka san daga wurin ma'adini ya fito ba a auna shi ba, ka sayar wa talaka ya rufa ɗakin da jaririnsa zai kwana, wane ha'inci ya fi wannan?

NA UKKU: NAUYIN HUKUMA DA LIKITA

An rawaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho makaho daga cikin Ahlul Kitabi yana bara a ƙofofi. Da ya ji labarinsa sai ya ce ba a yi masa adalci ba, an ci amfanin ƙuruciyarsa an yar da shi da ya tsufa, ya yanka masa abin masarufi daga baitulmali. Wannan wanda ba Musulmi ba ke nan. Mutanen da ƙasa ta ci amfanin ƙarfinsu shekara da shekaru sun fi cancanta kada a yar da su. Muna kira ga shugabanni, cikin ladabi da nasiha, su tabbatar gidajen likita na Arlit da Akokan ba su rasa likitoci da magani da na'urar hoton ƙirji ba, a dinga auna ruwan sha ana gaya wa jama'a sakamako, a kammala rufe dusar ma'adini, a kuma bi tsofaffin ma'aikata da awo a inda suke zaune, har da na ƴan kwangila. Duk ma'aikatar da ta dawo hannun ƙasa, nauyin lafiyar mutanenta ya dawo tare da ita.

Kai kuma likita, abin da ka rubuta a takardar majinyaci shaida ce. Allah ya yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓoye shaida. Idan iliminka ya nuna maka cutar daga aiki ta fito, ka rubuta haka, ko da wanda ke biyan ka bai so ba. Idan kuma ba daga aiki take ba, kada ka rubuta don tausayi, domin gaskiya ɗaya ce ta kowane ɓangare.

NA HUƊU: NAUYINMU MU JAMA'AR MASALLACI

Gaida majinyaci haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, amma gaisuwar da ta tsaya a baki ba ta kai mutum Yamai. Kowane masallaci ya san dattijan unguwarsa da suka dawo daga arewa. A je a tambaye su halin da suke ciki. Matasa masu karatu su taimaka musu wajen tattara takardu da rubuta buƙata. Mai mota ya kai su awo. A buɗe asusu na jinya a hannun amintattu biyu ko ukku, ana karanta lissafinsa a bainar jama'a, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa, daga dala ashirin zuwa jikka. Masu fitar da zakka su tuna majinyacin da ciwo ya talauta yana cikin masu haƙƙi. Kada a ƙyamaci mai tari, a dai raba masa ɗaki mai iska, a kai yaran gidan a duba su. Idan ya rasu, matarsa da marayunsa suna wuyanmu.

Ya rage mu yi gargaɗi ga samarinmu. Tun 2014 da aka sami zinariya a Jado da Cibarkaten, dubban matasa suka bar gonaki suka nufi ramuka, inda babu kamfani balle gidan likitansa. Can ma ƙurar dutsen nan ce, ga zaibar da ake ƙonawa don ware zinariya, wadda hayaƙinta ke lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Mun ga abin da ya faru a jihar Zamfara ta Najeriya a 2010, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, gubar dalma ta kashe yara kimanin 400. Mun kuma ga ramin da ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi a watan Nuwamba na 2021, mutum 18 aƙalla suka rasu. Neman halal ibada ne, ba mu hana kowa nema ba. Amma a jiƙa dutse kafin a niƙa, kada a niƙa a cikin gida, kada a ƙona zaiba kusa da mutane, kada a sa yaro a rami. Uban da ya sa albarka ga tafiyar ɗansa, ya haɗa masa da wannan wasiyya.

Ya Allah, ka ba majinyatanmu lafiya, na Arlit da Akokan da waɗanda suka dawo suna kwance a gidajensu. Ka jiƙan waɗanda suka rasu, ka sa wahalar da suka sha ta zama kaffara a gare su, ka kula da bayansu. Ka shiryi shugabanninmu da masu dukiyarmu su tsare amanar rayukan da ke hannunsu, ka ƙarfafi likitocinmu a kan gaskiya. Ka sanya albarka a arzikin da ka ajiye a ƙasarmu, ka tsare mu daga sharrinsa. Ka gafarta mana da iyayenmu da malamanmu da dukkan Musulmi. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.